'Yata lauya tana son jin abin da na ɓoye shekara bakwai

Anti Dijatu, don Allah ki taimake ni da shawara.

Ni mai sayar da doya ce a kasuwar Lafiya. Ina zaune a unguwar Akurba tun da rikicin ƙabilanci na 2001 ya koro mu daga ƙauyenmu wajen Keana, inda na rasa mijina. Lokacin 'yarmu Iveren tana makarantar kwana, ajin ƙarshe. Yau ga ta lauya, har ta samu gurbin digiri na biyu a Afirka ta Kudu, kyauta. Karatun na haƙƙin ɗan Adam ne, da yadda ake yi wa mutane adalci bayan an gama faɗa. Ranar da takardar ta zo matan layinmu suka yi ta guɗa, fasto ma ya kira sunanta a coci. Ni da na tsaya a firamare!

To, binciken da za ta yi a kan ƙauyenmu ne. Za ta zauna da mutanenmu da na ɗaya ɓangaren, ta ɗauki muryar kowa. Ƙannen mijina sun ce ta ci amanar ubanta. Ita kuma ta ce daga kaina za ta fara. Anti, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wanda ya ɓoye ni da jaririna kwana uku a ɗakin ajiyar gyaɗarsa ɗan wancan ɓangaren ne, wansa kuwa da idona na ga ya sa wa gidanmu wuta. In na yi magana na tona asirin wanda ya cece ni a wurin danginsa, na kuma ɓata da nawa. In na yi shiru na yi wa 'yata ƙarya.

Maman lauya, Akurba

Maman lauya, barka da arziki. Kin haifi 'ya, kin kuma yi tarbiyya. Na sauya sunayen da ke wasiƙarki don sirrinki.

Kada ki ga laifin ƙannen mijinki, ɗan'uwa suka rasa. Sai dai sauraron mutum ba wanke shi ba ne. A irin wannan aiki ake rubuta sunan wanda aka kashe, don kada gobe wani ya ce ba a yi ba. Ki je da Iveren wurin babbansu, ta yi masa bayani da bakinta.

Labarin kuwa, ki ba ta shi a matsayin uwa tukuna, ba rikoda a tsakaninku. Shigar da shi cikin bincike sai da yardarki da ta mutumin da ya cece ki, kuma ƙa'idar aikinsu ce a ɓoye suna. In ya ƙi, a bar shi. Amma ya kamata 'yarki ta sani kafin ta tafi.

Allah ya jiƙan maigidanki, ya kai Iveren lafiya, ya dawo miki da ita da nasara.

Anti Dijatu