An ce in kawo takardar riƙon Nafisa

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don Allah a ɓoye sunana, mutanen Tasawa sun yi yawa a nan, sunayen da zan ambata ma duk na sake su. Don Allah ku ba ni shawara, kuma mai niyyar zagi ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna.

Ni matar aure ce, ina aiki da wani foroje, wato ƙungiyar agaji, mai kula da yara masu tamowa a nan Tasawa. Aikina yawon ƙauyuka ne, yau Kona gobe Maijirgi, wani lokaci har cikin Mayahi, in fita da safe bisa moto, wato babur, in dawo bayan la'asar kamar an tono ni daga rami. Allah bai ba ni haihuwa ba, mun yi na likita mun yi na gargajiya har na gaji da shan saiwa na bar wa Allah. Amma ina da 'ya, sunanta Nafisa, shekararta biyar, kuma a kanta ne nake cikin wannan hali.

Nafisa 'yar ƙanena Salisu ce, wanda ke zaune a garinmu Urafane tare da mahaifiyarmu Inna da matarsa Rabi. Shekarar da ruwa ya ɗauke hatsi na cikin fidda kai, Salisu ya tafi arewa haƙar zinariya, ga Rabi ta samu ciki tana goyo, dole aka yaye yarinyar lokaci bai yi ba. Na je ganin gida na tarar da ita zaune gindin rumbu, gashi ya yi ja, ƙafafu sun kumbura, ko kuka ba ta iya yi da ƙarfi. Irin waɗannan yaran nake aunawa kullum a wurin aiki, na san inda abin yake ƙarewa in an yi sakaci. Inna ce ta ɗauke ta ta aza mini a cinya ta ce in tafi da ita, tawa ce. Rabi na tsaye bakin turmi, ba ta ɗaga kai ba. To kun san al'adarmu, Nafisa ce 'yar farinta, uwa kuwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, balle gaban uwar miji. Waccan take ce mata, daga baya ta koma cewa 'yar Yaya, don Yaya take kirana. Ni na ɗauki shirun nan yarda ne, Inna ma haka ta ɗauka, kowa ma haka. Jaririn da Rabi ta haifa bayan nan bai yi kwana ba ya koma, kuma tun daga lokacin ba ta sake samun ciki ba.

Na yi jinyar Nafisa har ta miƙe, yanzu in kun gan ta ba za ku ce ita ce ba, surutu kamar rediyo, ba ta cin tuwo sai an yi mata alkawarin fanke. Mama take ce mini, ba ta san wata uwa ba. In mun je Urafane da salla Rabi kan ajiye mata ƙwan zabi a gefen tabarma ta wuce kamar ba ita ta ajiye ba.

Yanzu ga inda matsalar ta taso, maganar haraji ce ta shigo. A wurin aikinmu akwai wani tsari, duk ma'aikaciya mai ƙaramin yaro ana ware mata kuɗin raino daban da albashi, da shi ake biyan jardan, wato makarantar ƙananan yara, da kuma matar da ke riƙe yaron har uwar ta taso aiki. Ni ba na ma ganin kuɗin a hannuna. Tun ranar da na shiga tsarin na gaya wa tsohon kwantabul ɗinmu, mai riƙe lissafin kuɗi, gaskiya cewa 'yar riƙo ce, ya yi dariya ya ce shi ma a hannun gwaggonsa ya tashi, ya sa sunanta cikin waɗanda ke wuyana. Haka muka tafi lafiya. To tun da sojoji suka karɓi mulki aka sa wa ƙungiyoyi irin namu ido, ana bin takardu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ji labarin waɗanda aka rufe, shugabanninmu ko tari aka yi a bakin ƙofa sai sun firgita. Tsohon ya yi ritaya aka kawo wani sabo daga Maraɗi, yaro ne mai ladabi amma in ya riƙe takarda ko uwarsa ba ya gani. Da ya zo haɗa bayanan ƙarshen shekara da ake kai wa ofishin haraji, sai ya kira ni ofishinsa ya ce kuɗin rainon nan dole a bayyana shi, kuma a nuna yaron da aka kashe wa. Ya ce takardar haihuwar Nafisa ba sunana a ciki ba na mijina, saboda haka ko dai in kawo takardar riƙo daga jastis, wato kotu, wadda uban ya sa wa hannu, ko kuma a cire ta daga wuyana, kuɗin rainon ya koma kamar albashi a yanke masa haraji har na baya, tsarin kuma ya tsaya. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata.

Na ce masa a ina ya taɓa jin an rubuta riƙo, shi da yake Bahaushe. Ya ce ya sani sarai, amma masu bincike ba su san Inna ba, takarda suka sani. Ban ji haushinsa ba don gaskiyarsa ce, tsoron aikinsa yake ji kamar kowa. Wata abokiyar aikina ta ja ni gefe ta ce akwai mai iya fito mini da sabuwar takardar haihuwa da sunana da na mijina, kowa ya huta. Na ce mata a'a, ba zan cire wa yarinya sunan ubanta ba, ina tsoron Allah, sannan a wannan zamani wa zai yarda a kama shi da takardar bogi.

In tsarin nan ya tsaya ban san yadda zan yi ba, albashina gida biyu yake ci. Bana ma ruwan ya sake yin irin tasa a Urafane, abin da Salisu ya girbe bai kai su ko'ina ba, tiyar hatsi ta yi tsadar da ba a magana, ni ke aika musu buhu duk wata. Maigidana yana ƙoƙari amma tela ne, kuma wa ke ɗinki yana jin yunwa. Shi ya ce mini abin ai mai sauƙi ne, in je in samu Salisu, sa hannu ne kawai. Ni ma wallahi haka na ɗauka, har da tsarabar sabulu na tafi, na bar Nafisa wajen mai rainonta.

Na zaunar da su a tsakar gida na yi bayani dalla-dalla, cewa takardar ba ta sake mata uba, ba ta sake mata suna, tana nuna dai a hannuna take. Inna ta fara da faɗa, ta ce ita ta ba ni yarinya da bakinta, yanzu bakinta bai isa ba sai na alƙali, ta ce mutanen gari za su ce mun kai ɗiya jastis an yi cinikinta. Da na ambaci kuɗin raino kuwa sai na ƙara ɓata abin, ta tambaye ni ashe duk shekarun nan biyana ake yi. Wannan magana ta yi mini zafi, ni da na yi ta zaman likita da yarinyar nan a bayana lokacin ko sisin raino babu. Na daure na sake bayani har ta sauko. Salisu kuwa ko musu bai yi ba, ya ce in dai lanho ne, haka suke ce wa haraji, a kawo ya dangwala, ai ni ke riƙe da gidan gaba ɗaya ba Nafisa kaɗai ba. Duk wannan Rabi na gefe tana tsince wake, ba wanda ya tambaye ta, ni ma ban tambaye ta ba.

Da la'asar na yi sallama na kama hanyar tasha, sai na ji takun mutum a bayana. Rabi ce, da tulu a hannu kamar za ta rijiya. Ta bari sai da muka wuce rumbunan bayan gari sannan ta durƙusa, idonta na ƙasa.

"Yaya, in an rubuta, ran da ni ce a ba ni ita, sai na tahi jastis na roƙa?"

Na ce mata haba Rabi, wa ya yi maganar haka, ai gida ɗaya ne. Tana murza bakin zane ta ce ita ba ta taɓa cewa ta ba da ba, ba a tambaye ta ba ne, kuma ba ta da bakin magana gaban Inna. Ta ce duk shekarun nan tana ganin aro ne, in yarinya ta yi ƙwari za a maido, shi ya sa ta yi haƙuri, ko da ta binne ƙanen yarinyar ba ta ce komai ba. Sai ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidanmu.

"In har abin ya kai ga takarda, Yaya ki yi haƙuri, ki maido mani Nafisa."

'Yan uwa, tun da aka raɗa wa yarinyar nan suna ban taɓa jin ya fito daga bakin Rabi ba sai ranar. Na ce mata za mu yi magana, na shiga mota. Har muka iso Tasawa kuka nake yi cikin mayafi, wata tsohuwa kusa da ni tana ta yi mini ta'aziyya.

Na je jastis na tambaya a kaikaice, wanda na samu ya ce in an yi takardar, warware ta sai an sake komawa gaban alƙali. Ke nan tsoron Rabi ba na banza ba ne. Shekaranjiya kuma Salisu ya kira ni, ashe ya ji labari, ya ce in rabu da ita, shi ne uba kuma zai shigo Tasawa ya sa hannu. Bai ajiye waya ba sai da ya tambaya ko buhun wannan wata ya kusa. Na san ba da wata manufa ya faɗa ba, yunwa ce, amma maganar ta tsaya mini a rai. In na karɓi sa hannun nan, ni da Rabi duka mun san da me na same shi, ba zan iya sake haɗa ido da ita ba. Maigidana ya ce ina wahalar da kaina, uba ya yarda, kaka ta yarda, doka ta yarda, me ya rage. Shi ma yana son yarinyar nan kamar ransa, tun da na gaya masa bai ci abincin kirki ba.

Na yi tunanin in ce wa kwantabul ya cire ta kawai, a yanke abin da za a yanke, in san yadda zan yi. Amma ko na yi haka magana ta riga ta fita, Rabi ta roƙa, ba zan yi kamar ban ji ba. In kuma na mayar da ita, ina zan mayar da ita, gidan da ake auna fura, garin da na ɗauko ta ƙafa a kumbure, a shekara irin wannan. Yarinyar da ta fara karatu, wadda ba ta barci sai ta riƙe bakin zanena. Ta yaya zan ce mata matar nan mai ajiye miki ƙwai ita ce uwarki, ni gwaggo ce. Ina jin haushin Rabi, ba zan ɓoye muku ba, wani lokaci in ce ina take lokacin da nake ɗura wa yarinyar nan madara da cokali. Sai kuma in tuna tana nan, bakin turmi, an hana ta magana da sunan kunya, kuma ita ma ɗakinta babu kowa kamar yadda nawa zai koma.

Don Allah iyaye mata, musamman waɗanda suka yi riƙo ko aka riƙe su, da malamai na cikin zauren nan, ku gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. In bar Salisu ya sa hannu in riƙe 'yata, ko in bar takarda in roƙi Rabi ta ƙara mini lokaci har a ga damina mai zuwa, ko kuwa haƙƙinta ne in kai mata yanzu in ci gaba da aika buhu? Kwantabul yana jiran amsa kafin wata ya ƙare. Rabi ba ta sa mini rana ba, ba ta kira ni ba, amma jiya wani mai zuwa daga Urafane ya kawo mini ƙullin ƙwan zabi a cikin tsumma. Na tambaye shi wa aka ce ya ba, ya ce matar Salisu ta ce a ba Nafisa, in ji uwarta.