Wa Zai Kashe Ƙwan Baba?

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Wani zai ce maganar fitila ce kawai, amma ni ta hana ni sukuni.

Duk dogon hutun makaranta maigidana yakan kwashe mu, ni da yara huɗu, zuwa wani filin shaƙatawa a bakin tafki inda iyalai ke kafa tanti. Kowane gurbi yana da ɗan turke mai soket, sai ka ja wuta zuwa tantinka. Shi direban motar haya ne, amma Allah ya yi shi da karambani, ba abin da bai iya gyarawa a ganinsa. Da hannunsa ya haɗa mana doguwar waya mai ƙwan fitila guda shida, kowane ƙwai da makunninsa, a saitin shimfiɗar kowa. Ya huhhuda gwangwanayen madara ya yi musu murfi. In an zo kwanciya kowa ya kashe nasa, na maigidan ne na ƙarshe. Ba ya kashewa sai ya ji numfashin kowa ya daidaita. Nakan yi masa tsiya cewa ya mayar da kansa maigadi ba albashi.

Ya rasu bara, Anti. Ciwon bai ma ba mu lokacin shiri ba.

Bana yaran suka matsa sai mun koma, na amince don kar su ga komai ya mutu tare da shi. Da na ciro wayar daga buhu, ƙanena, wanda aikin haɗa wayar lantarki yake yi, ya duba ya ce ko da wasa kar in jona ta. Robar ta tsattsage, mahaɗan duk tef ne ya saki, ƙwayayen kuma masu zafi ne, kusa da yadin tanti. Ya kawo wata farar fitila guda ɗaya. Da muka gwada ta a falo sai na ga kamar ɗakin asibitin da muka yi jinya, na fita tsakar gida na yi kukana.

Autata mai shekara bakwai ta ce ita ba za ta ba in babu fitilun Baba. Jiya kuma tana taya ni naɗe wayar ta tambaye ni wa zai kashe ƙwan Baba. Na yi wa ƙanena faɗa cewa ba shi da tausayi, alhali na san gaskiya ya faɗa. Zuciyata tana cewa shekara da shekaru muna amfani da ita ba abin da ya faru, sau ɗaya dai ba zai zama komai ba. In jona ta ko in fasa tafiyar?

Uwar Auta

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ku haƙurin rashi.

Kar ki jona wayar nan, ko sau ɗaya. Tanti yadi ne, raɓa tana sauka a kansa, kuma 'ya'yanki huɗu ne a ciki. Shekarun da kuka yi lafiya, akwai mai lura da wayar yana sake mata tef. Ki ba ƙanenki haƙuri. Sai dai shi ma ya duba wayar ne kawai, bai duba abin da ke rataye a jikinta ba. Fitila ɗaya fara fat ba za ta maye muku ƙwai shida ba.

Tafiyar ma kar ki fasa. Ki sa ƙanenki ya nemo ƙwayaye irin na yanzu marasa zafi, waɗanda ake kira LED, masu haske ruwan zuma, waɗanda aka yi don amfani a waje. Shida, kowanne da makunninsa. Wayar da za ta taso daga turke ta zama mai kauri wadda ruwa ba ya shiga, da na'urar da ke katse wuta in an samu matsala. Soket ya zauna a sama, kar ya taɓa ƙasa, kuma kar waya ta gitta ƙofa. Ki ajiye tocila kusa da matashinki saboda ɗaukewar wuta.

Gwangwanayen nan ba su da laifi. Ki cire su, ki ba auta ta wanke, ƙanenki ya ɗaura su a sabbin ƙwayayen yadda ba za su taɓa wayar ba. Hasken zai fito ta hudojin da babansu ya yi da hannunsa.

Ita kuwa tambayar auta, ina jin so take ta san ko akwai wanda zai zauna a farke har ta yi barci. Ki rataya ƙwan Baba a saitin shimfiɗarki. Ki gaya mata tun yanzu cewa ke za ki kashe shi, kuma ba za ki kashe ba sai kin ji numfashinta ya daidaita. Za ki yi kuka a ranar farko, ki yi abinki, ba laifi ba ne.

Allah ya kai ku lafiya, ya raya miki su.