Rabin Lemon Tsamin da Ban Rubuta Ba

Alabar, Kumasi
Satumba, 1970

Zuwa ga ƙanwata Lariba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Garba, da jaririn da kika tafi da shi a goye, wanda na san yanzu ya fara dafa bango. Matata Memuna tana gaishe ki. Kaka Asibi mai koko ta ce in faɗa miki tana nan a bakin ƙofa inda kika bar ta, ba ta mutu ba, ba ta kuma daina faɗa ba.

Na san wani ne zai karanta miki, kuma na san matan gidan da kike za su matso su saurara. Ba komai. Ki dai roƙe shi ya bi a hankali, kada ya tsallake inda na ja dogo. Kin san halina tun muna yara.

A watan Afrilu Bawa, direban motar goro, ya kawo saƙonki. Ya ce kun isa, kun sami wurin zama a wajen Katsina, kuma tambaya ɗaya kika ba shi ya kawo mini: ’yarki Adiza tana tuna ki? Na sallame shi da gaisuwa da turmin zane, ban ba shi amsa ba. Ya sake zuwa a Yuni, na ce masa ina nan ina dubawa. Wata biyar ke nan. Ba na rubuta abin da ban tabbatar ba, kuma abin da na tabbatar a lokacin ba na son ki ji shi.

Kin san yadda aka yi, amma bari in faɗa saboda masu sauraro. Cikin azumin bara doka ta fito cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar nan cikin mako biyu. Ni da ke a nan aka haife mu, uwarmu kuma ’yar Salaga ce, babu wanda ya ce mu tashi. Malam Garba ne ba shi da takarda, kika ce inda ya sa ƙafa nan za ki sa. Adiza kuwa, da shekararta biyar, tana kwance ƙyanda ta rufe ta, idonta ko buɗewa ba ya yi. Motocin a buɗe suke, mutane a kan kaya, tafiyar ba a san kwana nawa ba ce. Na ɗauki littafina na ja layi a tsakiyar shafi, dalilan tafiya da ita a hagu, dalilan barinta a dama. Na hagu uku, na dama bakwai. Na karanta miki. Ba ki dubi littafin ba, ni kika duba, kika ce, “Yaya Ticha, in ka ce a bar ta, na bar ta.”

Na buɗe wannan shafi ya fi a ƙirga. Har yau bakwai ta fi uku, amma ban taɓa rufe shi da kwanciyar hankali ba.

Ga abin da na ɓoye miki. Adiza ta warke sarai, ko tabo babu. Da farko kullum da safe takan zauna kusa da tukunyar Kaka Asibi tana kallon hanya. Daga baya sai ranar da ta ji ƙarar babbar mota. A watan Mayu ta daina. Wata Talata a bakin famfo na ji ta kira Memuna “Mma”, sunan da ke kaɗai take kira da shi. Memuna ta ɗago ta dube ni. Na shiga ɗaki na rubuta. Bayan kwana biyu na zaunar da ita na tambaye ta me take tunawa game da ke. Ta yi ta wasa da bakin rigarta, da ta ji ’yan mata suna ampe a waje, wasan nan na tafi da tsalle, ta zame ta gudu. Hotonki ko ɗaya ba mu da shi a gidan nan. Ke kika ƙi tsayawa gaban mai hoto, kin ce ba ki ga abin da za a ajiye a fuskarki ba.

Ana nan dogon hutu ya zo, sai na tuna na bara.

Kin tuna Agustan bara? Sama a lumshe, ba rana ba ruwa, sai ɗan yayyafi da ba ya hana komai. Yara goma sha huɗu ne a gidan nan a lokacin, iyayensu mata suna kasuwa, dukansu a wuyanki, ga ki da tsohon ciki. Ban taɓa jin kin ce wa ɗaya ya je ya kwanta ba. Kullum kina da abin da za ki sa hannunsu a ciki.

Litinin motoci. Gwangwanin kifi, a huda shi da ƙusa, a yanko ƙafafu daga tsohon silifa, a zura wayar da Malam Garba yake tsinto muku in ya bi ta wajen makanikan Suame. Kowa ya ɗaura zare ya ja tasa, tsakar gida ta zama tasha, ke ce mai kiran garuruwa: Tamale, Salaga, Bawku, saura mutum ɗaya.

Laraba ’yan tsana. Lokacin ɗanyar masara ne, kika hana a zubar da totuwa. A naɗa mata ƙyallen da tela ya yar, a yi mata gashi da gemun masarar, a ɗiga mata ido da gawayi. Ta Adiza har suna aka yi mata, aka raba ƙosai ɗaya gida goma sha huɗu.

Filfilo kuwa da takardun jarrabawar ɗalibaina kika yi su, ba ki tambaye ni ba. Na fito na tarar da jan birona yana juyawa a kan tsinken tsintsiya, yara suna gudu da shi daga zaure zuwa famfo. Na buɗe baki zan yi faɗa, kika nuna mini wani mai ƙaton sifiri a tsakiya, kika ce, “Ka gani, yau dai sifirin nan ya yi wa wani amfani.”

Asabar ita ce babbar rana, ranar alewar gujiya, wadda na ji a can gyaɗa suke ce mata. Ni ina zaune a baranda bayanki da agogo da littafi, ina rubuta duk abin da kika yi. Ba ki juyo ba kika ce, “Yaya Ticha, ranar da za a busa ƙaho, kai sai ka duba agogo ka rubuta tukuna.” Yara suka yi ta dariya ba su san ma’anar ba. Ga abin da na rubuta a ranar: soyayyar gujiya gwangwanin madara biyu, a murje ɓawon, a ɗan daka sama-sama. Sukari gwangwani ɗaya. Ruwa cokali uku. Wutar kurfoti matsakaiciya. Minti goma sha ɗaya. A zuba gujiya, a juye a kan katako mai mai, a murza da kwalba, a yanka tun da zafi. Na ja layi a ƙasa, don a ganina babu abin da ya wuce ni.

Bana yara biyar suka rage a gidan. Ɗakuna uku an sa sababbin mutane, ɗaya har yanzu da kwaɗo. Na ce a raina, tunda tambaya ba ta fito da komai daga bakin Adiza ba, bari in maimaita mata hutun bara shafi bayan shafi, ko wani abu zai motsa. Ban tabbata dabara ce mai kyau ba. Wataƙila yarinya ta sami sauƙi ne ta hanyar mantuwa, ni kuma ina neman tono mata ciwo don in sami abin rubuta miki. Na yi wannan tunanin, na kuma ci gaba.

Motocin sun yi, ko da yake ni ban iya kiran garuruwa ba, sai ka ce ina kiran sunaye a aji. ’Yan tsana sun yi. Filfilo ya juya, bana da hannuna na ba da takardun. Adiza ta yi wasa ta yi dariya kamar kowa, ba ta ambace ki ba ko sau ɗaya. Kowace rana na rubuta: babu.

Alewa ce ta kunyata ni. Ki kwatanta yayanki, mutum mai shekara arba’in da furfura a gemu, tsugune gaban kurfoti da mafici a hannu ɗaya, littafi a ɗaya. Asabar ta farko na bi rubutuna daidai, ina juyawa da cokali ba ƙaƙƙautawa don kada ya kama. Sukarin ya tafasa, ya bushe, ya koma fari gurus-gurus. Kaka Asibi ta leƙa tukunyar ta ce, “Ticha, yashi ka dafa mana?” Asabar ta biyu na rage ruwa, haka. Ta uku na sake sukari na sake tukunya, haka. Ta ce, “Karanta wa tukunyar littafin mana, ƙila ba ta je makaranta ba.” Na tambaye ta inda na kuskure, ta ce ita koko ta sani. Memuna kuma ranar Asabar tana kasuwa bara, ba ta taɓa ganin kina yi ba.

Asabar ta huɗu ita ce ta ƙarshe kafin a koma makaranta. Memuna ta ƙi fita ranar, ta ce za ta ga ƙarshen wannan abu. Na zuba sukari, na auna ruwa. Adiza tana tsaye kusa da ni, sai na ga ta juya ta tafi. Na ce shi ke nan, har kallon ma ya ishe ta.

Sai ga ta ta dawo da lemon tsami ɗaya daga kwandon Memuna. Ta miƙo mini. Na raba shi biyu. Ta karɓi rabi, ta zagaya ta tsaya a wancan gefen kurfoti, ta matse shi a cikin tukunyar da hannu biyu, harshe a waje, ta sa yatsa ta tsame ƙwallo ɗaya da ya faɗa. Na duba littafi, Lariba. Babu lemo a ciki. Sai a lokacin na gane: wannan aikinta ne bara. Tana tsayawa a gabanki, bayanki ya kare mini ita, ni kuma a daidai lokacin idona yana kan agogo. Na rubuta mintin, abin da aka yi a cikinsa ya wuce ni.

Na ɗaga cokali zan juya, ta buge mini hannu, irin bugun da kike wa mai saurin kai hannu, da bayan yatsu. Ta ce, “Mma ta ce ba a taɓa shi. Sai ya yi kamar shayin Baba.” Ban dubi Memuna ba. Na ajiye cokali, na ajiye agogo, muka zuba wa tukunya ido. Sukarin ya narke, ya yi ruwan zuma, ya yi ja kamar shayin Malam Garba da ba ya sa wa madara. Ƙamshin ya tashi, har sababbin maƙwabta suka fito. Kaka Asibi ta leƙa tukunyar, ta gyaɗa kai. Wannan ma na rubuta shi.

Na juye, na murza da kwalba, na yanka. Na tsakiya suka fito da kusurwa huɗu kamar naki, aka raba wa yara. Saura na gefe, karkatattun nan masu ɗan ƙuna. Kin tuna ke kike cinye su a tsaye, kina cewa ladan mai wuta ne. Adiza ta ɗauko gwangwanin da na yi awo da shi, ta tsince su ɗaya bayan ɗaya ta zuba, ta rufe da tafinta. Wani yaro ya kai hannu, ta ce, “Na Mma ne.” Memuna ta miƙa hannu tana murmushi. Adiza ta dube ta, ta ba ta rabon kanta na tsakiya, ta ce, “Ke ga naki. Wannan na Mma da ta shiga mota ne.”

Memuna ta ce hayaƙi ne ya shiga mata ido. Gawayin ya daɗe da daina hayaƙi. Ki sa mata albarka, Lariba, ta riƙe miki amana, kuma ita ce ta nemo ƙyalle ta ɗaure bakin gwangwanin.

Ba zan ƙara a kan abin da na gani ba. Har yanzu tana kiran Memuna Mma, kuma ban hana ba. Ko tana tuna fuskarki, ban sani ba. Ko na yi daidai da na ce a bar ta, shi ma ban sani ba, kuma na daina jan layi a tsakiyar shafi a kan maganar. Ranar da hanya ta yi sauƙi, abin da kika ce shi za a yi. Amma tambayar da kika aiko da ita, yau ina da amsarta, na gani da idona: tana tuna ki. Ta san inda take tsayawa a gabanki, ta san bugun hannunki, ta san rabonki a kan katako.

Gwangwanin yana hannun Bawa tare da takardar nan. Na gargaɗe shi kada ya ajiye shi kusa da inji. Idan kin kwance kin ga guntaye karkatattu masu ƙuna, kada matan gidan su ce mutanen Kumasi marowata ne. Ki faɗa musu wadda ta zaɓa. Ki ci a tsaye.

Allah ya tsare ki a inda kike, ya sa baƙunta ta zame miki gida. Allah ya raya Adiza da ƙaninta, ya haɗa fuskokinku da alheri tun tana iya shiga cinyarki. Ya jiƙan iyayenmu, ya yafe mini idan shawarata ta cutar da ke. Amin.

Yayanki,
Isifu Ticha