Abin da Baba ya fara rubutawa

Agege, Legas
9 ga Maris, 2002

Zuwa ga Yayana Abdulhafiz,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da Anti Hafsa da yara kuna lafiya, Allah ya sa sanyin Landan bai takura muku ba. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ƙafarta ta yi sauƙi, Mariamu ta koma makaranta. Baba kuwa jiki na nan yadda ka sani: ɓarin dama bai motsa ba, magana ba ta dawo ba, wata bakwai ke nan.

Saƙonka ya iso, kibod da maus marasa waya, har da ɗan akwatin nan mai jan ido da ke haɗa su da kwamfuta. Wallahi da na buɗe kwalin Baba ne ya fara faɗo mini a rai. Mutumin da ya shekara talatin yana buga tafireta a ofishin jirgin ƙasa, yau ko ruwa yake so sai ya yi ta nuni muna canka. Mun gwada biro da hannun hagu, rubutun bai karantu ba, ya yi jifa da shi. Tsohon kibod ɗina wayarsa ba ta kai gado ba, ɗakin kuma ka san shi, teburin ba ya matsuwa.

Na bi takardarka layi-layi. Na kashe kwamfutar, na zare tsofaffin wayoyin, na soka na ɗan akwatin a baya, koriya a raminta, shunayya a nata. Na sa batir, na kunna, na gwada a tsaye, komai ya yi. Na fita na yi wa Inna albishir, na taimaka mata da tuwo, bayan la'asar muka jingina Baba da filo, na ɗora masa kibod a cinya. Yaya, ka ga yadda ya gyara zama! Ya danna, shiru. Ya sake dannawa, allo fari fat. Sai ya ture shi a hankali ya juya fuska bango. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Kwana uku ina fama. Na canza batir sau biyu, na zare na mayar, har a raina na ce Yaya ma dai, ya rasa abin aikowa sai lalatacce. Ka yafe mini. Ran Alhamis na yanke shawarar in hau motar danfo in kai shi Ikeja wurin masu gyara. Na zo ɗaukar ɗan akwatin, sai na tarar da shi lulluɓe da saƙar Inna, farar nan mai fure. Ashe tun ranar farko, ina kicin, ta shigo ta rufe shi. Ni kuwa idona ya saba, tunda a gidan nan talabijin da rediyo, har fanka, kowa da mayafinsa, shi ya sa ban ko lura ba. Da na yi magana ta ce ai kaya mai tsada daga Turai ba a barinsa tsirara ƙurar Agege ta ci shi. Na ce mata idon nan da shi yake ganin kibod ɗin. Ta ce to ita wa ya gaya mata na'ura ma tana da ido?

Na yaye saƙar, na roƙi Baba ya ƙara gwadawa sau ɗaya tak. Da ƙyar ya yarda. Na riƙe maus na buɗe masa shafi, na ƙara girman haruffa. Ya danna da yatsa ɗaya, harafi ya fito. Ya daɗe yana kallonsa. Ni na zaci ruwa zai nema, ko ya yi ƙorafin gishirin miya, ka san halinsa.

Yaya, kai ne ɗan fari. Tun da muka taso ba mu taɓa jin sunanka a bakinsa ba, daga "wancan" sai "yaron nan", ko a gaban malamanku na makaranta. To sunanka ya rubuta, cikakke, harafi bayan harafi, ya ɗauki kusan minti biyar. A ƙasa ya sa Allah ya yi maka albarka. Inna ta matsa mini in karanta mata, na karanta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce lalle ciwo ya cire wa Malam kunya, amma kuka take yi, ni ma haka.

Yanzu kullum da hantsi sai ya yi rubutu, ƙorafin gishirin ma ya biyo baya. Inna ta saƙa wa ɗan akwatin sabuwar riga, ta bar masa ƙofar ido.

Ka gaida Anti Hafsa, da Nazir, da 'yar lelena Humaira. Inna da Mariamu da Kawu Barau suna gaishe ku. Takardar da ka gani a ninke cikin wannan, ita ce shafin farkon, na buga maka. Akwai harafi ɗaya da ya maimaitu a sunan, na so in gyara, Baba ya riƙe mini hannu.

Taka ƙanwa,
Surayya