Makulli Mai Lamba

Yaya Saani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya a Nyohini. Ya ƙafar Mma? Ka gaishe min da Bashiratu da yara.

Na ga hotunan makullai biyun da ka turo don ɗakunan da muke ba baƙi haya a unguwar Kasalgu. Ka ɗauki mai lamba, mai aiki da batir ko an ɗauke wuta. Baƙo ya tafi, ka canza lambar, ka huta da kai makulli a babur. Amma ban da ba kowa lambar don ya gaishe ka, na san halinka.

Mai dangwala yatsa kuwa, ka bar musu abinsu. Irinsa ne a otal ɗin da nake shara nan Doha, kuma ya daina gane ni. Maganin wanke banɗaki ya cinye zanen yatsuna. Ba ciwo, kada ka gaya wa Mma. Ka dai aiko min da man kaɗe.

In baƙi suka ci gaba da zuwa, baɗi ina gida insha Allahu. Ba na so in iso gidan da hannun nan ya gina, ƙofa ta ce ba ta san ni ba.

Ƙanwarka,
Zakiya