Marlby na Ƙofar Coci

Lincoln, 9 ga Afrilu, 1961

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, tarin hunturu ya sake ka, gwiwa kuma tana barin ka hawa tsani. Ka gaishe mini da maƙwabciyarka Misis Odling, wadda ba don ita ba da ban san kana raye ba, tunda kai a jikin dutse kaɗai ka iya rubutu. Ni lafiya lau. Masana'anta tana nan yadda ka san ta, wuta da hayaƙi da shugaban aiki mai baƙin baki.

Bayan haka, ita ce ta rubuto mini cewa Kanar Marlby ya kafa kwamiti, wai ranar ɗaya ga Yuli za a yi bikin cika shekara ɗari da rasuwar Josiah Marlby maginin gadoji, kuma kai aka ba sassaƙa dutsen da za a kafa a dandalin ƙauye. Har kalmomin ta kwafo mini: "Josiah Marlby, ɗan tsohon gidan Marlby na wannan ƙauye, wanda ya ɗaukaka sunan iyayensa."

Waɗanne iyaye, Baba?

Tun ina ƙarami nake jin ana cewa ai ɗan gidan su Kanar ne, ban taɓa jin wanda ya faɗi sunan uwarsa ba. Asabar biyu na kashe a ɗakin da ake ajiye kwafin tsofaffin rajistocin coci. Matar da ke tsaron wurin ta dubi hannuna ta ce, "Samari, in gyaran famfo ne, ta baya ake shiga." Na ce, "Rajistar ƙauyen Marlby nake so ta 1794, in kin gama ƙirga mini farce." Ta kawo. Ga abin da ke ciki, na kwafa harafi da harafi:

"3 ga Fabrairu. An yi wa wani jariri baftisma, an tsince shi a ƙofar coci cikin buhu. Ba a san uwa ba, ba a san uba ba. An sa masa Josiah, an ba shi sunan ƙauye."

Ka ji dangantakar. Haka suke yi wa ɗan tsintuwa a lokacin, in ba shi da uban da zai ba shi suna sai a liƙa masa na garin da aka yar da shi. Gidan su Kanar sun ɗauki sunan Marlby domin ƙasar tasu ce. Josiah ya samu nasa domin ba shi da kowa. Akwai kuma takarda ta biyu. Yana shekara bakwai ƙauye ya gaji da ciyar da shi, aka ɗora shi a keken doki zuwa wata masaƙar auduga a Derbyshire, ya yi bauta har ya kai ashirin da ɗaya. Ka san wanda ya sa hannu? Kakan kakan Kanar. Iyakar abin da ya haɗa Josiah da gidan nan ke nan, tawada a takardar da ta kore shi.

Na karanta duk abin da laburare ke da shi a kansa. Gada arba'in da ɗaya ya gina a ƙasar nan. Bai taɓa komawa Marlby ba, kuma rafinmu har gobe a kan katako biyu ake tsallake shi. Mutumin ya ba mu amsa tun yana da rai, mu ne ba mu ji ba.

Na san abin da za ka ce. Gidan da kake ciki na Kanar ne, saboda aiki aka ba ka shi, ranar da ka ce masa a'a ranar za ka fara ɗaure kaya. Na sani, a ciki aka haife ni, a ciki Mama ta rasu. Amma kai ne ka fasa mini baki ina shekara tara don na ce ba ni na ɗauki tuffan Misis Odling ba. Ka ce ƙarya a baki ma ƙazanta ce. To wannan a dutse za ka sa ta, zurfin rabin inci, ta yi shekara ɗari uku tana kallon mutane.

Kada ka sassaƙa. Na sa maka kwafin takardun biyu a ciki. Ka sa tabarau ka karanta, ba za su cije ka ba.

Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Clive Tunnard


Lincoln, 7 ga Mayu, 1961

Zuwa ga Baba,

Ina gaisuwa. Ina fata ka koma gida lafiya ranar Alhamis, kuma wuyanka bai ƙage ba saboda sunkuyo. Yaya tarin? Na ji shi sau biyu a wurin taro, shi kaɗai ne abin da ya fito daga bakinka da ƙarfi.

Amsarka ta zo kafin in taho, layi huɗu. Ka ce ni yaro ne, littafi ya kumbura mini kai, kuma ba a tambayar mai sassaƙa ko ya yarda da abin da yake sassaƙawa. Shi ya sa na bar aikin yini na hau bas biyu na zo taron kwamiti da kaina. Tunda hularka kake kallo tun daga farko har ƙarshe, bari in faɗa maka abin da ya faru a ɗakin da kake zaune.

Na miƙe na karanta takardun. Ban yi ashar ba, ka shaida. Kanar ya jira na gama, ya cire tabarau ya yi murmushi ya ce, "Wannan ba ɗan Wilf ba ne? Kai, ya girma. Har karatu ya koya." Aka yi dariya. Mutanen da suka san ni tun ina rarrafe, suka yi dariya don ya yi.

Rabaran Pybus ya haɗa yatsu ya ce, "To ai, Clive, in an duba, dukkanmu 'yan gida ɗaya ne." Na ce, "In haka ne, Rabaran, a rubuta ɗan gidan Pybus mana." Sai ya shiga neman wani abu a aljihu.

Wanda ya fi ba ni haushi Scrimshaw mai mashaya. Mutumin da bai iya rubuta sunan Josiah daidai ba ya riga ya sa an zana fuskar Josiah a allon ƙofar mashayarsa, yana mafarkin bas-bas na baƙi. Ya ce mini, "Kai ɗan birni, wa zai hau mota ya zo kallon garin da ya yar da jariri? Ka koma wurin ƙarfenka ka bar mana mutuminmu." Mutuminsu. Shekara ɗari da sittin ba wanda ya nemi inda yake, sai da aka ga sunansa a littafin makaranta.

Duk wannan na zo da shirinsa. Abin da ban shirya wa ba shi ne lokacin da Kanar ya juyo ya ce, "Tunnard, kana da abin cewa?" Na dube ka. Ka juya hula sau ɗaya a gwiwa ka ce, "Babu, ranka ya daɗe."

Da mari ka tashi ka yi mini a gabansu da ya fi mini sauƙi.

Kuma kada ka ɗauka ban ji abin da ya faɗa maka a bakin ƙofa ba, ina bayanku. "Shekara nawa ke nan a gidan nan, Tunnard? Talatin da ɗaya? Lokaci ba ya jira." Ya dafa kafaɗarka. Su haka suke yi, ba sa ɗaga murya, wuƙar ma sai sun shafa mata man shanu. Kai kuma ka ce na gode.

Ban biyo ka gida ba domin na san abin da zan faɗa, kuma ba na son in faɗe shi a ɗakin Mama. Na ci burodi da cuku a tashar bas na tafi.

An ce dutsen ya iso, yana harabarka a lulluɓe. In ka ɗora masa ƙarfe, kada a ajiye mini kujera ranar Kirsimeti. Ba barazana nake yi ba, sanarwa ce.

Ka sha maganin tarin nan.

Ɗanka,
Clive


Lincoln, 28 ga Mayu, 1961

Baba,

Gaisuwa. Yaya jiki, ko in ce yaya hannu?

Misis Odling ta ce ka je gidan Kanar ta ƙofar kicin ka ce hannunka na dama ya fara rawa, ba ka son ka ɓata masa dutse mai tsada, gara a nemo wani. An ce an ɗauko mai sassaƙa daga Grantham.

Hannunka? Ko Kirsimetin da ya wuce a gabana ka zura zare a allura tashi ɗaya. Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki har mai gidan haya ta buga bango.

Ban san ko in gode maka ko in ƙara zaginka ba. Na ce kada ka yi ƙarya a dutse, sai ka je ka yi ta a kicin. Kalma ɗaya ce, Baba, a'a. Shekara sittin da biyu kana duniya ba ka koyi furta ta a gaban mai lambar soja ba. Ka gwammace ka zama gurgun hannu da ka zama mai ra'ayi.

Duk da haka ba hannun Tunnard ne zai yi aikin ba, kuma ka tsira da gidanka. Wataƙila ka fi ni wayo. Ba zan sake faɗin haka ba, ka adana takardar.

Zan zo Kirsimeti.

Ɗanka,
Clive


Lincoln, 16 ga Yuli, 1961

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka, ina fata kana cin abinci. Ba zan tambayi lafiyarka ba, domin za ka ce lafiya lau, kamar yadda ka yi ta cewa mako bakwai kana ɓoye mini.

Jiya takardar Misis Odling ta zo, shafi biyar. An yi biki. An busa ƙaho, 'yan makaranta sun yi waƙa, Kanar ya yaye ƙyalle, dutse yana tsaye da kowace kalma a wurinta, sai dai ta ce haruffan sun karkace kamar haƙoran tsohuwa. Baƙi goma sha ɗaya suka zo, huɗu daga ciki ɓatan hanya suka yi. Wannan bai dame ni ba yanzu.

Shafi na huɗu ne ya dame ni. Ashe tun makon da ka kai wa Kanar zancen hannu ya kira ka ya ce, "Ban san abin ya kai haka ba, Tunnard. Ba zan ci gaba da wahalar da kai ba, ka huta." Ashe an ba ka zuwa ƙarshen Satumba ka fita, za a sa mutumin Grantham a gidan. Ashe ka zagaya ƙauyuka uku neman aikin dutsen kabari, kowa yana cewa ai mun ji labarin hannun, Allah ya sawwaƙe. Kuma wai a mashaya da hagu kake ɗaukar kofi, na dama yana aljihu, don kada a ce Wilf Tunnard ya yi wa Kanar ƙarya.

Ka ga abin da ladabinka ya jawo? Da ka ce masa a'a, da gidan kaɗai za ka rasa, ka fita da sana'arka da kanka a sama. Yanzu gida ya tafi, aiki ya tafi, ƙarya tana tsaye a dandali, kai kuma kana yawo da lafiyayyen hannu a aljihu kana kare mutuncin wanda ya kore ka. Shi ma ya san hannunka kalau yake. Kowa ya sani. Ƙauye guda ya taru yana yi maka sannu a kan ciwon da babu shi, domin ya fi musu sauƙi da su ce Josiah a buhu ya zo.

Na so in hau bas in je in fasa wa Kanar taga. Na kai har tasha. Abin da ya dawo da ni shi ne, in na lissafa waɗanda suka fitar da kai daga gidan nan, sunana ne na biyu. Ni ina ɗakin haya, ba abin da zan rasa sai kuɗin kan sarki, na zauna ina aiko maka da jarumtaka a ambulan. Ba na janye ko kalma ɗaya a kan dutsen. Amma na san nawa laifin, kuma ba sai ka faɗa mini ba. In ka zo ma kada ka faɗa.

Domin zuwa za ka yi. Ba za ka zauna har Satumba suna kallonka ta labule ba. Na yi magana da mai gidan haya, ta yarda a ƙara katifa. Gadon naka ne, ni ƙasa ta ishe ni, kuma ba na son gardama. Kujerar Mama da agogon bango a bar su wurin Misis Odling sai na samo mota. Bas ɗin Asabar mai zuwa yana tashi ƙarfe tara da kwata daga gaban coci, ka sauka a Sleaford ka shiga jirgin ƙasa, ina bakin tasha. Ka bi ta hanyar rafi, ba sai ka wuce ta dandali ba.

Akwai wani tsoho a bayan masana'antarmu, Mista Blanchard, mai yin duwatsun kabari. Idonsa ya raunana, yana neman wanda ya iya fitar da harafi. Na ce masa ubana ya fi duk wanda ya taɓa gani. Ya ce, "Kowa haka yake cewa, ya zo Litinin in ga aikinsa." Saboda haka ka taho da guduma da duk ƙarafan sassaƙarka, ko da za ka bar riguna.

A nan ba wanda ya ji labarin hannunka. Ka fito da shi daga aljihu tun a jirgi.

Sai na gan ka.

Ɗanka,
Clive