Lamba Bakwai Da Mai Ita

Mama,

Gaisuwa daga jami'armu a Montana. Ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, sai dai zaman benci a ƙungiyarmu ta ƙwallo.

Tun da sabon koci ya zo da yaransa bai kira sunana ba, sai jiya. Na ruga ofishinsa, na ɗauka wasa zai sa ni. Wai, "Darnell, zan je gidanku zawarcin ƙanenka. Mamarku tana son furanni?"

Tyrell fa! Yaron da na koya wa riƙon ƙwallo a bayan coci!

Ina taya shi murna, Allah ya sani. Ki karɓi baƙonki da kyau. Amma in ya yi wa Tyrell alkawarin riga mai lamba bakwai, ki ce da mai ita, kuma shi ma ke kika haife shi.

Allah ya bar mana ke.

Ɗanki na fari,
Darnell